Abin da Ke Hana Rijiyar Marubuci Ƙafewa

Kowane ɗalibi da ya taɓa zama don rubuta insha'i ya san wata irin wahala wadda ba a faye faɗinta ba. Ga takarda, ga alƙalami, ga lokaci malam ya bayar, amma kai ya ƙi kawo kome. Sai ka ga yaro yana tauna gindin biro yana kallon rufin aji, har a kaɗa ƙararrawa bai cika rabin shafi ba. Wani kuwa zai cika shafi uku cur, amma in ka karanta sai ka tarar abin da ya rubuta bara ne ya sake juyawa. In an ce a rubuta labarin hutu, kusan duk ajin sai a ce an tashi da asuba, an shiga mota, an isa gida lafiya, an yi murna da ganin iyaye, hutu ya ƙare an komo. Mutum arba'in, garuruwa dabam-dabam, amma labari ɗaya.

Wannan ba ciwon ɗalibai kaɗai ba ne. Yakan sami manyan marubuta da mawaƙa ma. Akan sami marubucin da littafinsa na farko ya ƙayatar da jama'a, na biyu ya yi dama-dama, na uku kuwa sai masu karatu su ce ai wancan na farkon ne aka sauya wa sunayen mutane. To, me ke kawo haka, kuma mene ne maganinsa? Abin da nake so in yi bayani a kai ke nan, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu girma.

Basirar marubuci kamar rijiya take. Kome zurfin rijiya, in ana ta ɗiba kullum alhali idon ruwanta ya toshe, wata rana guga zai fito da laka. Idon ruwan marubuci shi ne abin da ya gani, da abin da ya ji, da abin da ya taɓa da hannunsa, da abin da ya karanta. Duk ranar da ya daina haɗuwa da sabon abu, ya fara cin tsohon tanadi ke nan, kuma tanadi kome yawansa mai ƙarewa ne.

Abin da Sabon Abu Ke Ba Marubuci

Abu na farko shi ne kalmomi. Kowace sana'a tana da bakinta. Wanda bai taɓa zama a maƙera ba, iyakar abin da zai iya rubutawa shi ne, "Maƙeri yana ƙera fartanya." Amma wanda ya yi yini guda a can zai rubuta cewa yaro yana ta zuga gawayi da zugazugi, maƙeri ya sa awartaki ya ciro ƙarfe ja wur, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya shiga dukansa da masaba, tartsatsi na tashi, sa'an nan ya tsoma shi a ruwa ya yi cuu. Duka biyun magana ɗaya suka yi. Amma na farkon labari kawai ya ba mu, na biyun kuwa ya kama hannunmu ya kai mu har cikin maƙerar. Haka abin yake a karofi wurin marina, da mahauta, da rugar Fulani, da tashar mota inda 'yan kamasho ke kiran lodi. Akwai kalmomi da yawa da ba za ka tsince su a aji ba, sai a bakin masu su.

Na biyu shi ne kwatance. Marubuci ba ya iya kwatanta abu sai da abin da ya sani. Shi ya sa in mutum goma suka tashi kwatanta kyakkyawar yarinya sai duk su ce kamar wata daren goma sha huɗu, domin shi suka tarar ana faɗi. Kwatancen ba shi da laifi, sai dai ya sha hannu har ya koɗe kamar tsohon kwabo. Wanda ya saba lura da abubuwa yana da nasa kwatancen da ba wanda ya riga shi, ko daga gona, ko daga kasuwa, ko daga bakin kogi.

Na uku shi ne sanin halin mutane. Labari ba ya daɗi sai mutanen da ke cikinsa sun yi kama da mutanen gaske. Yadda dillali ke magana dabam, yadda alƙali ke magana dabam, yadda tsohuwa ke yi wa jikanta faɗa tana dariya dabam. Wanda bai cuɗanya da mutane iri-iri ba, duk mutanen labarinsa da bakinsa za su yi magana, har sarki da bawansa ba ka iya rarrabe su.

Na huɗu kuwa, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne sabon abu yakan sa mutum ya ga tsohon da ya saba da shi da sabon ido. Ɗalibin da ya yi wata uku a makarantar kwana, ranar da ya koma gida yakan ji ƙanshin miyar gidansu, ya kuma lura da tsattsagewar katangar zaure, abubuwan da ya yi shekara goma sha biyar yana wucewa bai kula ba. Sabo yakan rufe ido, rabuwa kuwa takan buɗe shi.

Misalai Daga Magabatanmu

Kada a ce wannan zancen yaro ne kawai, bari mu duba tarihin waɗanda suka riga mu.

Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai a 1933. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja, wanda shi kansa labarin tafiya ne daga gari zuwa gari. Bayan haka aka ɗauko Imam zuwa Zariya a 1936, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam-dabam, na Larabawa da na Indiya da na Turawa. Ya karanta su, ya narkar da su, ya sake ƙera su da sunaye da al'adu da karin magana irin namu, har aka sami Magana Jari Ce, littafi uku. Wanda bai sani ba ba zai taɓa cewa wasu labaran daga nesa suka zo ba. A nan mun ga karatu ma wata irin tafiya ce, kuma mun ga bambancin mai kwafa da mai narkarwa.

Imam bai tsaya nan ba. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, aikin da ya haɗa shi da wasiƙun jama'a daga ko'ina cikin ƙasa. A 1943 kuma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ingila tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Dokta Nnamdi Azikiwe. Da ya komo sai ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mutane da yawa sun je Ingila sun komo da tsaraba a akwati, shi kuwa ya komo da littafi. Malam Aminu Kano ma, wanda ya yi karatu a Landan, ya rubuta labarin tafiya mai suna Motsi Ya Fi Zama. Sunayen littattafan nan biyu kaɗai sun isa wa'azi.

Tun kafin su akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu. An kama shi bawa yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi, ya zama yaron wani Bajamushe matafiyi, Dokta Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Dorugu ya bi shi har Tambutu, suka ƙetare Sahara, suka isa Ingila a 1855. A can wani Bature mai nazarin Hausa, mai suna Schon, ya zauna da shi ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Lokacin da Dorugu ya ba da labarin nan shekarunsa ba su wuce namu da wani abu ba. Abin da ya sa har yau ake karanta shi kuwa shi ne lurarsa, domin bai bar kome ya wuce shi ba, har yadda Turawa ke zama su ci abinci ya kwatanta. Yaro ne, ba shi da digiri, amma idonsa a buɗe yake.

Sai kuma Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858. Ya yi yawon neman ilmi da fatauci, ya zauna a Salaga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, daga bisani ya koma Kete-Karachi, a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, inda ya rasu a 1934. Ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci, a kan zuwan Turawa da kan talauci da wadata, ya kuma rubuta bayanai masu yawa game da sana'o'i da zaman Hausawa. Zama a wata ƙasa cikin wasu ƙabilu bai sa ya manta gida ba, sai ma ya ƙara masa ganin abubuwan gida da suka cancanci a rubuta.

Ba Sai An Hau Jirgi Ba

Wani zai ce, to, mu da ko kuɗin mota zuwa gida sai an yi da gaske, ina mu ina Ingila? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na nan a tarihinmu.

Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne tun yana ƙaramin yaro. Bai ga kasuwa da ido ba, bai ga fuskar mutane ba, amma wanda ya saurari waƙoƙinsa zai sha mamakin yadda ya san halin zaman duniya da na mutanen zamaninsa. Har keke, wanda baƙon abu ne a lokacin, ya yi wa waƙa. Kunnensa da tambayarsa su suka zame masa ido.

Alhaji Mamman Shata bai je duniyar wata ba. Amma da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauke mutane a kan wata a 1969, labarin ya iso ƙasar nan, Shata ya ɗauka ya yi masa waƙa da kalangu. A wannan shekara kuma aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka tafi da shi sararin samaniya. Sabon labarin kimiyya ya shiga kunnen kowa, amma masu basira su suka mai da shi abin saurare da abin karatu. Shata ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa har rasuwarsa a 1999, kuma ya yi wa sarakuna da manoma da direbobi da garuruwa, domin kullum yana cikin jama'a yana gani yana ji.

Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, shi kuma ya dubi mutanen da kowa ke wucewa ba ya kallo. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole da zaman miji da mata. Tashar mota na nan a kowane gari, dubban mutane na ratsa ta kullum, amma shi ya tsaya ya lura da wahalar yaron da ke maƙale a bayan mota.

Haka nan Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912, watau bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa, amma littafinsa Shaihu Umar, wanda shi ma ya fito daga gasar 1933, labari ne na zamanin harin bayi da ayarin da ke ƙetare Sahara. Bai ga wannan zamani da idonsa ba, sai dai a lokacin ƙuruciyarsa waɗanda suka gan shi suna raye. Zamanin da ya wuce ma baƙuwar ƙasa ce, kuma tsofaffi su ne 'yan jagora zuwa cikinta.

Ta fannin mata kuwa, Hajiya Hafsat Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuma ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Sun rubuta zaman cikin gida da halin da mata ke ciki, abubuwan da maza marubuta ba su cika shiga ba. Cikin gida ba nesa ba ne, amma ga masu karatu da yawa sabuwar duniya aka buɗe musu.

Duk misalan nan abu ɗaya suke nuna mana. Nisan tafiya ba shi ne ma'auni ba. Akwai wanda zai je Makka ya komo, in ka tambaye shi labari ya ce maka, "Akwai mutane da yawa." Akwai kuma wanda za a aika sayen gishiri ya komo da labarin da zai sa gida duka dariya. Lura ita ce jarin.

Hanyoyin da Ɗalibi Zai Bi

To, mu da muke makarantar kwana, ƙofa a rufe, ƙararrawa ke tashe mu ita ke kwantar da mu, ina za mu sami sabon abu?

Da farko, makarantar kanta kasuwa ce. A ɗakin kwana ɗaya za ka sami Basakkwace da Bakano da Bazazzagi da Bakatsine, ga Bafillace, ga Babarbare, ga Banufe, ga Bayarabe. Basakkwace zai ce maka "lahiya" inda kai kake cewa "lafiya", ya ce "mi" inda kake cewa "me". Maimakon mu tsaya ga yi wa juna dariya, mu tambayi juna. Yaya ake bikin aure a garinku? Wace tatsuniya kakarka ke yi muku? Me kuke nomawa, kuma yaya kuke ajiye shi? Ɗalibin da ya yi shekara shida yana irin wannan tambaya ya zaga ƙasa bai biya kuɗin mota ba.

Na biyu, akwai ma'aikatan makaranta. Baba maigadi, da Iya mai dafa abinci, da direban motar makaranta, da mai kula da gonar makaranta, kowannensu yana da tarihin da ya fi na littafi. Sau da yawa iyakarmu da su gaisuwa, wani lokaci ma ko ita babu. In ka durƙusa ka gai da dattijo ka ce, "Baba, don Allah ina so ka ba ni labarin yadda garin nan yake da kana yaro," da wuya ya ƙi. Yawancinsu ma murna za su yi, don ba kasafai ake tambayarsu ba.

Na uku, ƙungiyoyin makaranta. Wanda ke ƙungiyar Hausa kaɗai, ya leƙa ƙungiyar kimiyya ko ta matasa manoma ko ta sikawut. Wanda bai taɓa hawa dandamali ba ya shiga wasan kwaikwayo ko muhawara, ya ji yadda gwiwa ke rawa in idanu ɗari biyar sun zubo masa. Ranar da zai rubuta labarin mai tsoro, ba sai ya tambayi kowa yadda tsoro yake ba, jiki magayi.

Na huɗu, laburare. Mu daina tsayawa kan irin littafi ɗaya. Mai son labarin soyayya ya ɗauki na tarihi, mai son tarihi ya ɗauki na labarin ƙasa ko na taurari ko na cututtuka. Mu tuna yadda aka yi Magana Jari Ce ya samu.

Na biyar kuma, wanda ya fi duka, shi ne hutu. Kowane gari yana da abin gani. Mutumin Kano yana da Dutsen Dala, da Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama. Na Katsina yana da hasumiyar Gobarau, na Daura yana da rijiyar Kusugu, na Sakkwato yana da Hubbaren Shehu, na Argungu yana da bikin kamun kifi a Matan Fada, na Bauchi yana da Yankari. Abin kunya ne baƙo ya taso daga wata ƙasa ya zo ya gani ya rubuta, ɗan gari kuwa bai taɓa leƙawa ba. Wanda garinsu ƙauye ne ba shi da hasara, domin shi ke da fadama, da ranar kasuwa, da gayya, da farauta, da damben kaka. Kuma a kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa. Mu tambaye su yadda suka ji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da rikicin da aka sha da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da yadda aka yi da 'yan kasuwa da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, da wahalar farin da aka yi a wannan shekarar, da yadda dalar gyada take a Kano. Shekaru da lissafi suna cikin littafin tarihi, amma yadda abin ya taɓa gidanku, a bakin kakarka kaɗai yake. Ranar da ta rasu, ya tafi ke nan.

Yadda Ake Adana Abin da Aka Gani

Ganin abu bai isa ba sai an adana shi, don mantuwa ɓarauniya ce. Ya kamata duk mai son rubutu ya tanadi ɗan ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihu. Abin da ya gani ya rubuta shi a ranar, kafin ya kwanta. Kada ya tsaya ga abin da ido ya gani kurum, ya sa har da ƙara da wari da ɗanɗano da zafi ko sanyin wurin. In ya ji sabuwar kalma ya tambayi ma'anarta, in ya ji wani ya yi magana mai daɗi ya rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ya gyara.

Kuma ba dole ne abin da aka gani yau ya zama labari gobe ba. Manomi ba ya shuka da safe ya girbe da yamma. Wani abin sai ya yi shekara a littafin, sa'an nan wata rana ya haɗu da wani abu dabam, su biyun su haifi labari. Aikin marubuci shi ne ya yi ta zuba wa rumbu, ranar bukata ba zai rasa abin ɗiba ba.

Gargaɗi Biyu

A nan sai mu yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, neman sabon abu ba lasin ba ne na aikata ɓarna. Kada wani ya tsallake katangar makaranta, ko ya kama shaye-shaye, ko ya bi miyagun abokai, ya ce wai yana neman abin rubutawa. Likita ba ya shan guba don ya san halinta. Mai son rubuta labarin mashayi ya lura da shi daga nesa, ya ji ta bakin iyalinsa, ya isa. Wanda ya jefa kansa cikin rami, shi za a rubuta labarinsa, ba shi zai rubuta ba.

Na biyu shi ne wayar hannu. Gaskiya ne ta kawo mana duniya cikin tafin hannu, kuma mai hankali zai ƙaru da ita ƙwarai, ya ga ƙasashe, ya saurari tsofaffin waƙoƙi, ya karanta littattafan da babu su a laburarenmu. Amma hoton da ka gani a intanet, dubban mutane sun gan shi daidai yadda ka gan shi, kuma ba shi da wari ba shi da ƙura. Yawancinmu in an yi hutu sai mu shige ɗaki mu duƙufa a kanta har hutu ya ƙare, alhali a ƙofar gida ana abubuwan da ba wanda ya taɓa rubutawa. In duka muka sha daga ƙwarya ɗaya, ba mamaki rubutunmu ya yi ɗanɗano ɗaya.

Kira Ga Iyayenmu

Iyayenmu masu daraja, ku ma kuna da hannu a wannan al'amari. Mun san a wannan zamani hanyoyi da yawa ba su da aminci, kuma ba laifi ba ne uba ya hana ɗansa tafiya mai nisa don tsoron abin da ka je ya zo. Amma akwai abin da ba ya bukatar tafiya. In yaro ya yi tambaya, kada a kore shi da cewa ya cika surutu, domin matambayi ba ya ɓata. In mahaifi zai je gona ko kasuwa ko wurin aikinsa, ya tafi da ɗansa wani lokaci. In uwa tana da sana'a, ko saƙa ko kitso ko yin daddawa, ta nuna wa 'yarta, ta gaya mata sunan kowane abu. A bar yara su zauna da kakanninsu su sha hira. In makaranta ta shirya kai ɗalibai ganin wani wuri na kusa tare da malamai, aka kuma tabbatar da tsaro, muna roƙo a ba mu izini. 'Yan mata ma kada a bar su a baya, don rabin labarin ƙasar nan a hannunsu yake.

Dalilin wannan roƙo kuwa ya wuce cin jarrabawa. Harshen da ba a rubuta sababbin abubuwa da shi, sannu a hankali 'ya'yansa za su koma wa wani harshe in suna neman abin karantawa. Su Imam da Namangi da Shata sun yi nasu, sun kwashe zamaninsu sun zuba mana a takarda da faifai. Namu zamanin, da daɗinsa da wahalarsa, yana jiran masu rubuta shi, kuma cikinmu za su fito, mu da ke zaune a kan bencin aji yau.

Saboda haka, 'yan'uwana, hutu na tafe. Kowa ya sa ɗan littafi a aljihu, ya zaɓi wuri ɗaya a garinsu da bai taɓa shiga ba, da mutum ɗaya da bai taɓa zama da shi ba, ya je ya gai da shi, ya yi tambaya, ya kasa kunne. In mun komo aka ce a rubuta labarin hutu, bari malam ya sami labari arba'in daga mutum arba'in. Allah ya buɗe mana basira, ya sa abin da za mu rubuta ya amfani jama'a, amin.